Babur Mai Mutuwa Ranar Alhamis: Nazarin Wata Matsalar Inji

Babur ɗin da zan yi bayani a kansa na ɗan ƙanwata ne, saurayi ɗan acaɓa da ke aiki a cikin Gumel, yana kuma ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu zuwa Maigatari duk ranar Alhamis, ranar da kasuwar garin ke ci. Babur ne mai silinda ɗaya, ƙarfinsa sisi (cc) 100, iska ce ke sanyaya shi, yana aiki da kafireta, wutarsa kuma ta CDI ce, 'yar na'urar da ke sakin tartsatsin fulogi a kan lokaci. Wato irin baburan nan da suka cika garuruwa da ƙauyukanmu, waɗanda ko Bajaj ne ko TVS ko Haojue tsarin aikinsu kusan ɗaya ne. Yaron bai gama mallakarsa ba, domin wani ɗan kasuwa ne ya saya masa yana biyan balas duk mako, saboda haka duk ranar da babur ya wuni a gareji bashi ne ke hawa kansa. Na ga ya kamata in rubuta lamarin dalla-dalla ne saboda ya wuce hannun makanikai uku kafin ya iso wurina, ni ma kuma na sallame shi sau ɗaya ban taɓa ainihin cutar ba, alhali duk abin da ake buƙata don a gano ta yana bakin mai babur ɗin tun ranar farko.

A tsakiyar hunturun bara ya turo shi ƙofar garejina da yamma, fuskarsa duk ƙura. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, babur ɗin nan ya ishe ni. Ina cikin tafiya sai ya fara shaƙewa yana fizga, ƙarfinsa ya yi ta raguwa, sannan ya mutu. In na ɗan huta na buga kik sai ya tashi kamar ba shi ba, in yi gaba kaɗan ya sake." Ya ce abin ya kusa wata biyu, kuma ba kullum yake yi ba, yakan yi kwana biyar yana aiki lafiya lau, rana ɗaya ya kunyata shi a gaban fasinja.

Makaniki na farko fulogi ya sauya masa, wanda shi ne abin da kusan kowa ke fara yi, domin yana da araha kuma sau da yawa akan dace. Na biyu ya ɗora laifin a kan mai. Ya juye tanki, ya wanke kafireta har sau biyu, da ya ga babu sauyi sai ya zaro zare ɗaya na wayar birki ya zurkuɗa ramin babban jet da shi, wato ƙofar da mai ke bi daga kwanon kafireta, ya kuma ɗaga allurar kafireta mataki biyu don mai ya riƙa shiga da yawa. Ba zan ce zarginsa ba shi da tushe ba. Tun watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da man fetur mai yawan sinadarin metanol daga ƙasar Beljiyam ya lalata ababen hawa, masu babura suka koyi fara tuhumar mai, ballantana ga wanda yakan sayi na 'yan bumburutu a kwalba a bakin hanya. Na uku kuwa ya ce zafi ne, domin babur da ke mutuwa bayan tafiya ya tashi bayan hutu ya yi kama da wanda koyil ɗinsa, mai ƙarfafa wutar fulogi, ke buɗewa wuta ta katse in ya yi zafi. Ya sauya CDI da koyil gaba ɗaya, da abin ya dawo sai ya ce injin ne ya gaji, a kawo kuɗi a zuba ringi. Jin maganar buɗe inji ne ya sa uwar yaron ta ce ya kawo mini.

Duk injin fetur, ƙarami ko babba, abubuwa huɗu yake nema kafin ya yi aiki: mai da iska da suka gauraya daidai, matsi mai ƙarfi a cikin silinda, tartsatsin wuta a kan lokaci, da hanyar da hayaƙi zai fita. Da waɗannan na fara, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaura ma'aunin matsi a ramin fulogi, na buɗe totur gaba ɗaya na buga kik, allura ta tsaya kusa da 150 a ma'aunin psi, wanda ya nuna fistin da ringi lafiyarsu ƙalau, salansa kuma ba ya fitar da shuɗin hayaƙin da ke nuna inji na ƙona baƙin mai. Maganar zuba ringi ta faɗi ke nan. Na ɗibi mai daga tanki a farar kwalba na ajiye ya kwanta, domin in akwai ruwa zai taru a ƙasa tunda ya fi fetur nauyi, ban ga ko ɗigo ba. Soson matatar iska ya sha ƙura kamar yadda aka saba a wannan lokaci na shekara, amma bai yage ba. Wuta a bakin fulogi shuɗiya ce mai ƙara.

Abu biyu ne suka ɗauke mini hankali. Na farko, bakin fulogin baƙi ne wuluk da busasshen kunkunniya, alamar mai ya fi iska yawa, wanda ya dace da abin da aka yi wa jet da allura. Na biyu, da na buɗe murfin bawul injin na sanyi, sai na tarar tazarar bawul ɗin hayaƙi ta matse ƙwarai. A irin waɗannan injuna tazarar kan kasance tsakanin milimita 0.05 da 0.10, gwargwadon ƙirar, kuma idan ta ƙare, bawul ɗin in ya yi zafi ya miƙe ba ya rufewa sosai, sai matsi ya riƙa zurarewa, babur ya riƙa mutuwa a silo ya kuma yi gardamar tashi. Na ce a raina to ga ta nan. Na gyara tazarar, na sa sabon jet mai lambar da ta dace, na mayar da allura matakinta na tsakiya, na wanke soso na shafa masa mai kaɗan, na daidaita bakin fulogi a kan milimita 0.7. Na bar babur yana silo rabin awa, bai yi ko tari ba. Na hau shi na yi tafiyar kusan kilomita 10 na dawo lafiya. Ranar Litinin na miƙa masa makulli.

Ranar Alhamis da sassafe, gari bai gama wayewa ba, wayata ta yi ƙara. "Kawu, ya sake. Ga ni a hanyar Maigatari da buhu biyu da fasinja."

Kuskurena a fili yake, kuma ina ganin shi ne kuskuren da ya fi yawa a sana'armu. Na sami abubuwan da ba daidai ba na gyara su, sai na ɗauka na sami abin da aka kawo ƙararsa, alhali ban taɓa ganin babur ɗin ya mutu da idona ba. Tsohon babur in ka bincike shi ba za ka rasa aibi uku ko huɗu ba, amma samun aibi daban, samun wanda ke haddasa abin da mai shi ya faɗa daban. Ƙari a kan haka, baƙin fulogin da na gani ba shaidar cutar ba ce, shaidar maganin da aka yi mata ce, kuma ya karkatar da tunanina zuwa ga yawan mai, wato kishiyar abin da ke faruwa.

Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya ɗauki sifana sai ya zaunar da mai abin hawa ya yi masa tambayoyi, kuma idan ka ce masa ai ka ji bayani, sai ya ce abin da mutum ya zo da shi a baki ƙorafi ne, bayani sai an tono. Da yammacin ranar na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na sa aka kawo shayi, na ce wa yaron ya ba ni labarin kowace mutuwa da zai iya tunawa, da ranarta da lokacinta da wurin da ta faru.

A nan zaren ya fara warwarewa. Da ya jera su, sai muka ga kusan dukkansu ranar Alhamis ne, sai guda biyu da suka faɗo a ranakun da ya yi doguwar tafiya zuwa biki. Kuma dukkansu da safe ne, a hanyar zuwa, lokacin da sanyin hunturu ke sa mutum ya naɗe kansa da rawani. Da rana tsaka, lokacin da injin ya fi kowane lokaci zafi yana dawowa da kaya, bai taɓa mutuwa ba. Wannan kaɗai ya isa ya raunana maganar zafi, domin koyil da ke buɗewa saboda zafi ba zai zaɓi asuba ya bar azahar ba. Na tambaye shi yadda mutuwar take. Ya ce ba farat ɗaya ba ce, sai ya ji kamar ana riƙe babur ta baya, in ya ƙara totur ya ƙara shaƙewa, in ya sassauta ya ɗan farfaɗo, har wata rana da ya ja cok ya ƙara masa 'yan taku kafin ya mutu. Matsalar wuta ba haka take zuwa ba. Idan wuta ta yanke, inji kan ɗauke ne lokaci ɗaya kamar an murɗa makulli, ko ya yi ta harbi a salansa. Injin da ke raguwa a hankali, wanda cok ke taimaka wa, yunwar mai yake ji, domin aikin cok shi ne ya ƙara yawan mai a kan iska.

Sai na tambaye shi abin da yake yi ranar Alhamis wanda ba ya yi sauran ranaku. Ya yi shiru, ya ce kaya ne kawai suka fi nauyi. Na ce mai fa? Ya ce, "Af, ai ranar Laraba da daddare nake cika tanki a gidan mai, Kawu, don kada in sayi na kwalba a can. Sauran ranaku kuwa lita ɗaya ko biyu nake sha, in na samu kuɗi in ƙara." Wannan ba halinsa ba ne shi kaɗai. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a wurare da yawa, ɗan acaɓa mai cika tanki ya zama abin nema. Ni ma da na gwada babur ɗin ranar Litinin, abin da ke cikin tankin bai fi lita biyu ba.

Tambaya ta ƙarshe ita ce abin da yake fara yi idan babur ya mutu. Ya ce yakan gangara gefen hanya, ya buɗe tanki ya leƙa ko mai ne ya ƙare duk da ya san ya cika, ya rufe, ya taɓa wayar fulogi, ya ɗan jira, sannan ya buga. Na ce akwai ranar da bai buɗe tankin ba? Ya ce akwai, kuma ranar ya daɗe yana bugawa kafin ya tashi, har fasinjan ya sauka ya hau wani.

Ga yadda abin yake. Waɗannan babura ba su da famfon da ke tura mai. Tanki na sama, kafireta na ƙasa, nauyin man ne kawai ke gangaro da shi ta makullin mai da tiyo zuwa kwanon kafireta, inda fulot ke tsayar da shi in kwanon ya cika. Amma mai ba zai fita daga rufaffen mazubi ba sai iska ta shiga ta maye gurbinsa, kamar yadda mai sayar da manja ke huda gwangwani wuri biyu kafin ya tsiyaya. Shi ya sa kowane murfin tanki ke da wata 'yar ƙaramar hanyar iska a cikinsa, wadda yawancin masu babura ba su ma san da ita ba. Idan ta toshe, duk man da ya fita yana barin gurbi, ƙarfin iskar da ke saman man ya ragu, har ya kai inda iskar waje ke danne man ta ƙasa ya kasa saukowa.

Lissafin da ke bayyana sirrin ranar Alhamis ba shi da wuya. Tsayin da ke tsakanin saman mai a tanki da bakin kafireta bai wuce santimita 30 ba ko kusa da haka, alhali nauyin iskar duniya na iya riƙe fetur mai tsayin fiye da mita 13. Ma'ana, ƙarfin da ke gangaro da man kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai na ƙarfin iskar waje, don haka da zarar iskar cikin tanki ta ragu da kashi 2 cikin 100, mai ya tsaya. Idan tanki mai cin kimanin lita 10 yana ɗauke da lita ɗaya, sararin iska lita tara ne, sai an sha kusan kofin shayi guda kafin a kai wannan matsayi, kuma kafin nan ɗan acaɓan cikin gari ya tsaya sau biyar, ya ma buɗe murfi ya ƙara mai. Idan kuwa tanki cike yake, sararin da ya rage bai fi lita ɗaya ba, cokalin shayi huɗu kawai za a sha mai ya fara tsayawa. Sanyin safiya ma yana da hannu, domin da rana zafi kan sa fetur ya yi tururi ya cike gurbin da ya bari, da asubar hunturu kuwa tururin kaɗan ne. Sannan idan toshewar ba ta cika ba, iska na shiga a hankali, za ta wadatar da injin da ke silo a gareji yana shan mai ɗigo-ɗigo, amma ba za ta wadatar da wanda ke jan buhu biyu da mutum biyu a buɗaɗɗen totur ba. Hutun da yaron ke zaton shi ke warkar da babur, buɗe murfin da yake yi ne ke warkar da shi.

Duk da haka ban taɓa murfin ba a daren, kuma na hana shi taɓawa. Na riga na yi zato mai kyau sau ɗaya ya tashi a banza, ba na son in sake sallamarsa a kan zato. Na ce ya cika tanki, ya zo bayan sallar asuba ranar Asabar. Na ɗauki sukudireba, da filaya, da fulogi mai kyau, da farar kwalba, muka ɗaure buhun gero a baya, ya ja na hau, muka kama hanyar Maigatari.

Ba mu yi nisa sosai da barin gari ba na ji abin da yake faɗa. Ƙarar injin ta sirance, babur ya fara tafiya yana tsinkewa kamar mai sarƙewa da ruwa, ya yi fizga uku, ya yi shiru. Muna tsayawa hannunsa ya tafi kan murfi bisa sabo, na riƙe shi na ce, "Kada ka taɓa, ɗana. Yanzu ne kawai zai gaya mana gaskiya." Wuta na fara dubawa, da gangan, tun kafin a zubar da ko ɗigon mai a wurin, domin gwada tartsatsi kusa da fetur da ya zuba ganganci ne da ya ƙona mutane da yawa. Na zare hular fulogi na sa wanda na zo da shi, na jingina shi da jikin inji, ya buga kik: wuta shuɗiya, injin kuma da zafinsa. CDI da koyil sun fita daga zargi, na da da na yanzu. Sannan na tara kwalba a ƙarƙashin kafireta na kwance sukurun da ke zubar da man kwano. Kwanon da ya kamata ya ba ni mai ya rufe gindin kwalba, ɗigo biyar ko shida ya bayar ya ƙafe. Na cire tiyo daga bakin kafireta na sa a kwalba, makullin mai a buɗe, tanki cike, amma sai ɗis, ɗis, kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa.

Na ce ya kawo kunnensa kusa, ya buɗe murfin a hankali. Muka ji tankin ya ja iska, wata 'yar gajeriyar shaƙa kamar ta mutumin da aka daɗe da toshe wa hanci, a daidai lokacin kuma mai ya ɓarke daga tiyo ya cika rabin kwalba kafin in toshe da yatsa. Yaron ya dubi kwalbar ya dube ni, ya ce, "Innalillahi! Kawu, murfi?"

Muka mayar da tiyo, muka goge inda mai ya taɓa, bugu biyu ya tashi. Don in tabbatar, na sa muka yi gaba da murfin a ɗore ba a kulle ba, a hankali saboda kada mai ya fantsamo, muka wuce ninkin tafiyar farko bai yi ko gezau ba. Muka tsaya na kulle murfin gam, muka juyo, kafin mu shiga gari ya sake mutuwa. Sai da na iya kawo cutar da hannuna na kuma kore ta da hannuna sannan hankalina ya kwanta.

A gareji na kife murfin a kan benci. A ƙarƙashinsa akwai wata baƙar roba da aka yanka da reza, gefenta duk karkace, ta kumbura ta yi laushi kamar ƙullin fulawa. Da na ɓanɓare ta sai ga ainihin robar murfin a ƙasa ta tsage, ga kuma ramin iskar, wanda bai fi bakin allura faɗi ba, rabinsa a ƙarƙashin sabuwar robar, sauran rabin kuma cike da jar ƙura da ta haɗu da danshin mai ta zama taɓo. A nan yaron ya tuna. Wata uku da suka wuce ya lura in ya cika tanki ya hau hanyar burji mai gargada, mai na tsartuwa ta gefen murfi yana jiƙa masa wando, sai wani mai faci ya yanko masa robar cikin taya ya ɗora. Yoyon ya tsaya, ya ji daɗi, bai kuma ga dalilin da zai ambaci wannan ga wani makaniki ba, tunda a ganinsa murfi ba inji ba ne. Robar cikin taya ba a yi ta don fetur ba, in ta daɗe tana shansa kumbura take yi, shi ya sa matsalar ba ta bayyana a makon farko ba, ta riƙa tsananta a hankali, ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa abin da ya rage. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Na kwance murfin, na wanke hanyar iskar da fetur na hura ta har ta buɗe, amma da yake robar asali ta mutu kuma ba a samunta ita kaɗai a kasuwarmu, na sa ya sayo sabon murfi mai kyau. Kafin in ɗora shi na goge shi na sa baki na zuƙa ta ƙasa don in ji iska na wucewa, domin a cikin masu arahar da ake kawowa akan sami wanda raminsa bai huje sosai ba tun daga inda aka ƙera shi. Na kuma cire makullin mai na duba 'yar ragar da ke kansa da ɗan kofin da ke tara datti, tunda toshewarsu na kawo irin wannan yunwa. Bambancin shi ne toshewar raga ba ruwanta da buɗe murfi, kuma ba ta fi tsanani a cikakken tanki ba.

Akwai abin da ya dame ni fiye da kuɗin da aka kashe. Kafin injin ya mutu, yakan yi 'yan mintoci yana tafiya da man da bai ishe shi ba. Cikakkiyar ƙonewar fetur na buƙatar iska kimanin ninki 15 na nauyin man, kuma idan man ya gaza haka alhali injin na jan kaya, zafin cikin silinda kan ƙaru, wanda bawul ɗin hayaƙi da kan fistin ke fara ɗanɗanawa. Ina kyautata zaton matsewar bawul ɗin da na tarar tana da nasaba da wata biyun da aka yi ana haka, ko da yake rashin duba tazarar a kan lokaci ma kan kawo ta. Da an ci gaba, da maganar buɗe inji da makaniki na uku ya yi ta zama gaskiya, ba don ya yi daidai ba sai don an bar cutar ta haifi wata. Ban da wannan, babur da ke mutuwa ba shiri a hanyar kasuwa, inda manyan motocin dabbobi ke bin bayansa da asuba cikin hazo, maganar rai ce ba ta balas kaɗai ba.

Da na lissafa masa abin da aka sauya, fulogi biyu, da CDI, da koyil, da jet ɗin da aka lalata, da ladan aiki huɗu har da nawa, da ranakun kasuwa da ya rasa, ya haura balas ɗin mako biyu, alhali murfin bai kai kuɗin CDI ɗin kaɗai ba. Na sa ya koma ya karɓo tsohon CDI da koyil daga wurin wanda ya cire su, muka gwada su a babur ɗin suka yi aiki sarai, sai na mayar masa da na asalin domin sun fi waɗanda aka sa masa inganci, sababbin kuma ya ajiye. Ladan aikina na farko na mayar masa, tunda ba abin da ya kawo na gyara ba.

Alhamis ta zagayo ya tafi da cikakken tanki da buhu biyu, bai kira ni ba sai da ya sauke kaya a Maigatari. Bayan mako biyu na sa ya kawo shi da safe injin na sanyi, na cire fulogi na ga bakinsa ya koma ruwan ƙasa mai haske, na sake auna bawul ɗin hayaƙi na tarar tazarar na nan inda na bar ta, matsi ma bai sauka ba. Ya ce lita ɗaya yanzu tana kai shi nesa fiye da da, wanda aikin sabon jet da allurar da aka mayar mazauninta ne. Na ce ya riƙa wanke soson iska duk mako har ƙura ta ɗauke, ya kuma dawo in sake duba bawul ɗin idan zai juye baƙin mai na gaba, domin bawul da ya taɓa shan irin wannan zafi sai an bi shi da awo sau biyu ko uku kafin a amince da shi.